Shinshilar 'yata ta faɗo daga saman kabad, ta ƙi taka ƙafar baya, ku taimaka min da shawara

Maman Husna, Garwa:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah duk wanda ya san harkar ƙananan dabbobi ya tsaya ya karanta. Muna da wata dabba a gida ana ce mata shinshila, ƙanina da ke aiki a Yawunde ne ya kawo wa 'yata Husna, shi ma wani bature da suka yi aiki tare ne ya bar masa da zai koma ƙasarsu. Ga wanda bai santa ba, girmanta bai kai na zomo ba, ruwan toka ce, kunnuwa fato-fato, ga jela mai gashi irin ta kurege.

Jiya bayan isha'i mun sake ta a ɗaki ta ɗan zaga kamar yadda muka saba, ta bi ta kan gado ta haye saman kabad, sai iska ta bugo ƙofa ta firgita ta diro kan tayil. Ta yi wata 'yar siririyar ƙara ta ja jiki ta shige ƙarƙashin gado. Da muka fito da ita sai muka ga ƙafar baya ta hagu a ɗage, daga gwiwa zuwa ƙasa tana lilo kuma ta kumbura, ba jini dai a wurin. Abin da ya ƙara tayar min da hankali da na kama ta gashi ya tuge ya zauna a hannuna har fata ta fito fili. Yau da safe abincinta yana nan yadda na zuba, kashinta ma 'yan kaɗan ne ƙanana busassu alhali kullum sai mun share da yawa. Husna kuka kawai take yi ko lakwal, wato makaranta, ta ƙi zuwa.

To na kai ta wurin maɗori ne? Zan iya ɗiga mata parasitamol na yara? Kuma a nan Garwa wa zai duba irin wannan?

Baban Zomaye, Marwa:

Wa alaikumus salam Hajiya, sannu, Allah ya ba ta lafiya. Ni dai ban taɓa kiwon wannan ba, zomaye da ɓeran masar nake kiwo, amma abu na farko ki sa ta a ƙaramin wuri inda ba abin hawa, ki shimfiɗa mata tsumma, ki rage haske, yara su daina ɗaukarta. In da hali ki nemi maɗorin da ke ɗora awaki ya sa mata 'yan karare. Wasu masu kiwo a nan in dabba ta ji ciwo suna fasa kafso amoksisilin su zuba a ruwa, ko za ki gwada.

Ɗaliba Ummi, Ngaundere:

Inna sannu da jinya. Baba ka yi haƙuri zan ɗan saɓa maka, maganar ƙaramin wuri daidai ce ƙwarai amma kafson nan dan girman Allah kar a ba ta. Ina karatu a makarantar likitancin dabbobi ta jami'ar Ngaundere, ban gama ba tukuna shi ya sa ba zan rubuta miki magani ba, amma abin da zan faɗa kowane likita zai faɗa miki shi. Shinshila da zomo da ɓeran masar abincinsu yana narkewa ne da taimakon wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanjinsu, to amoksisilin da ampisilin da duk dangin penisilin in aka ba su ta baki kashe waɗannan ƙwayoyin suke yi, munanan su yi yawa, zawo ya ɓarke, dabba ta mutu alhali karayar ba za ta kashe ta ba. Haka kilindamisin da eritromisin. Baba ko zomayenka ka kiyaye musu wannan. Kuma tunda fata ba ta fashe ba, ba ma wannan ne abin da take buƙata yanzu ba.

Parasitamol da ibufurofen na mutane su ma a'a. Maganin zafi da likitoci suka fi ba su shi ne meloksikam, amma sai an ɗora ta a sikeli, don shinshila babba giram 400 zuwa 800 ce kawai, ƙwayar da ake sayar wa mutane a farmasi kuwa miligiram 7.5 ko 15 ce, kin ga ko ɓari aka yi ya yi mata yawa nesa ba kusa ba. Likita ne zai auna miki a sirinji.

Yadda kika kwatanta ƙafar ina kyautata zaton ƙashin ƙwauri ne ya karye, shi ne ya fi karyewa a jikinsu don dogo ne siriri, bai wuce tsinken sakace biyu a haɗe ba, kuma ba nama sosai a kansa. Shi ya sa maɗori bai dace ba. Ɗorinmu ja ne da murzawa da ɗaurewa tamau, hannun da ya saba da ƙafar akuya in ya ja wannan sai ƙashin ya farfashe ko ya huda fata, in kuma aka matse jini ya daina zagawa ƙafar ta mutu. Ga shi dabba ce mai gwaigwaya, kafin gari ya waye ta cinye karan da tsumman, wani lokaci har ta ci ƙafar tata saboda zafi. Sai an yi mata radiyo, wato hoton ƙashi, an ga irin karayar, daga nan likita ya zaɓa ko a sa siririn ƙarfe, ko a ɗaure da irin nasu bandejin, ko in ta yi muni a yanke ƙafar. Ki shirya ranki da na Husna a kan wannan na ƙarshen, amma ba ƙarshen rayuwarta ba ne, shinshila mai ƙafa uku tana gudu tana tsalle lafiya lau. In an gyara kuwa sai ta yi kamar sati 6 zuwa 8 a killace.

Gashin da ya tuge kar ya dame ki, haka Allah ya yi su, in abin farauta ya cafke su sai su saki gashin su tsere, zai sake tsirowa cikin 'yan watanni. Sai dai ki daina kama ta ta ƙirji, haƙarƙarinta ba ƙwari, ki tallafo ta da tawul daga ƙasa.

Ni abin da ya fi tsorata ni a rubutunki ba ƙafar ba ce Inna, rashin cin nan ne da kashin da ya ragu. Mai lafiya tana iya yin kashi sama da 200 a rana. In suka daina ci na awa 12 zuwa 24 hanji yana tsayawa, ciki ya kumbura da iska, kuma ba sa iya amai. Ki ɗaga leɓenta a hankali ki duba haƙoran gaba, asali launin ruwan goro suke, ki ga ko wani ya karye ko haɓarta ta jiƙe da miyau, don faɗuwa a tayil tana taɓa haƙori. Sannan ki jiƙa irin abincinta na leda da ruwa mai ɗumi ya zama kamar kunu mai kauri, ki cire allurar sirinji, ki sa ta gefen baki bayan haƙoran gaba ki tura ɗan kaɗan, ki jira ta haɗiye, tana tsaye a kan cikinta, kar ki kwantar da ita rigingine za ta shaƙe. Kaɗan-kaɗan duk bayan awa 3 ko 4. In kika ga cikin ya yi tauri ya kumbura ki dakata da ɗurar, likita kawai. Haka in duka ƙafafun bayan biyu take ja ko fitsari ya ƙi fita ko kai ya karkace, wannan ya wuce ƙafa, gadon baya ne ko kai.

Hajiya Dada, Njamena:

Maman Husna sannu. Yarinyar nan Ummi Allah ya yi miki albarka kin gama magana. Ni zan ƙara kan zafin gari ne don na riƙe wa wata maƙociyata irinta lokacin da ta yi tafiya, kuma wallahi na ga wahala. Asalin dabbar nan duwatsun Andis ne a Kudancin Amurka, can ƙasar Chile, wuri mai sanyi da bushewa, yawancin waɗanda ake kiwo a gidaje ma jikokin wasu guda 11 ne da wani Ba'amurke Mathias Chapman ya kai Kaliforniya a 1923. Gashinta fiye da 50 ke fitowa a rami ɗaya inda namu ɗaya ne, kuma ba ta gumi. Abin da take so digiri 15 zuwa 21, in ya haura 27 an shiga haɗari, mu kuwa nan da Garwa a Maris da Afrilu 40 ma wucewa yake. Mai ciwo da tsoro ta fi saurin faɗuwa. Fanka ba ta yi mata komai tunda ba gumin da zai bushe, kilim take so, wato na'urar sanyaya ɗaki, in kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke ki daskarar da ruwa a gora ki naɗe da tsumma ki ajiye gefenta, ki sa mata ɓarin tayil mai sanyi ta kwanta. Ki dinga kallon kunnuwan, in suka yi ja jijiyoyi suka fito raɗau tana numfashi da sauri to zafi ya kama ta. Kar ki jiƙa ta da ruwa, gashin ba ya bushewa. Wankan ƙurar da take yi ma a dakatar tukuna, birgimar za ta motsa ƙashin.

Ci kuma busasshiyar ciyawa mai tsabta wadda ba ta yi fumfuna ba, ita ce kan gaba. Harawar wake da ta gyaɗa sun yi mata nauyi, ban da gyaɗa da dabino da mangwaro ko da kin ji tausayinta. Kuma ki yi haƙuri da abin da zan faɗa, in ta warke ku zauna da ƙaninki ku duba ko Garwa za ta iya riƙe ta, dabbar nan tana kai shekara 15 har 20, duk bazara haka za ta sha, kuma haƙƙinta yana wuyan wanda ya tsare ta.

Maman Husna, Garwa:

Na gode ƙwarai Allah ya saka. Na mayar da ita ƙaramin keji a ɗakin da ke da kilim, na cire katakon da take hawa. Haƙori ɗaya na sama ya ɗan ɓare a baki amma haɓar a bushe take. Ta karɓi ɗurar, da farko tana tofarwa daga baya ta riƙa lasar bakin sirinjin da kanta, yanzu na ga sabon kashi a kan tsumman. Ɗayar ƙafar tana takawa. Hajiya Dada maganarki ta shige ni, zan kira ƙanin nawa. Ummi 'yata, in ba a samu mai radiyo a nan ba mu taho Ngaundere ne?

Ɗaliba Ummi, Ngaundere:

Alhamdulillah, kashin nan alama ce mai kyau, haƙorin ma zai toho da kansa don nasu ba ya daina girma, likita dai ya duba kar ɗan uwansa ya fi shi tsawo. Inna gobe da sassafe ki fara da ofishin ma'aikatar kiwo na nan Garwa, ko ki tambaya a LANAVET, ɗakin gwaje-gwajen dabbobi na ƙasa da ke Bokle, aikinsu allurar rigakafi ne da gwaje-gwaje ba jinya ba amma akwai likitoci da za su nuna miki wanda ya saba da ƙananan dabbobi, ko ba komai a auna ta a ba ta maganin zafi gobe-goben nan, don zafin ne ke hana ta ci. In sun ce ki taho, kusan kilomita 280 ne, kar ki sa ta a but ɗin mota ko bayan babur, mota mai kilim ku taso bayan asuba kafin rana ta ɗaga, kwali mai ramuka da tawul a ciki yadda ba za ta yi ta gangarawa ba, gorar ƙanƙara a gefe, sirinji da abincin a jakarki ku tsaya a hanya ki ba ta. Ki ɗauki hoton ƙafar yanzu ki turo min in nuna wa malaminmu kafin ku taso.