Shin sabon mai fatsa yana buƙatar na'urar gano kifi?

Da aka tattauna wannan batu tsakanin masu fatsa, yawancinsu sun ce amsar ta dogara ne da irin ruwan da mutum yake zuwa. Na'urar tana tura sauti cikin ruwa, galibi a kan kilohaz 200 ko 50 (kilohaz ma'aunin saurin kaɗawar sauti ne), sannan ta nuna a allo zurfin wurin da yanayin ƙasan ruwa da inda kifaye suka taru. Ga mai shiga babban tafki da kwale-kwale wannan taimako ne ƙwarai, domin yana gano ramuka da duwatsun da kifi ke fakewa ba tare da ɓata yini yana lalube ba. Mai jefa ƙugiya daga bakin rafi marar zurfi kuwa ba zai amfana sosai ba.

Tsofaffin hannu sun nanata cewa na'urar ba ta sa kifi ya haɗiyi ƙugiya, kuma karanta allon kansa sai an koya. A ganina shawararsu ta fi nauyi: a fara kashe kuɗi kan sanda da zare masu kyau, idan an saba, a sayi ƙaramar na'ura ƙirar kamfanin Garmin ko Lowrance mai sauƙin farashi.