Ina so in ƙara wa EOD ɗina ƙarfi, ta ina zan fara?

Mai EOD: Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da Honda Accord 2004, wadda ake kira EOD, mai silinda huɗu, giya otomatik, kuma a Kano nake. Na ɗan tara kuɗi, ina so ta riƙa tashi da kyau, ta yi amo, ta ɗan kwanta ƙasa. Abin da ke raina: iyakilina (matatar iskar inji) mai buɗaɗɗen kai, salansa (bututun hayaƙi) mai ƙara, rim 18, sai sifirin na rage tsayi. Wani a Ƙofar Ruwa ya ce in cire indomi (abin tace hayaƙi da ke jikin salansa), wani kuma ya ce kawai in ɗaura tobo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska). Manya, a ba ni shawara kafin in kashe kuɗin.

Tsohon Bakanike: Wa alaikumus salam. Ƙanena, yaushe rabon da a duba maka bol joyin na ƙasa, wato mahaɗin da ke riƙe da taya? Duk wanda ya riƙe wannan motar ya san halinta: kana cikin tafiya sai taya ta karye ta kwanta a gefe. Ka ɗaga ta a jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. Ka leƙa robar da ta rufe joyin ɗin, in ta yage giris ya bushe, to nan kuɗinka na farko zai tafi. Daga nan sai bushin, shakazoba, takalmin birki mai kyau da sabon man birki. Man giya kuma DW-1 na Honda, kada ka yarda a zuba maka wanda aka ga dama. Rim 18 da sifirin a kan ruɓaɓɓen ƙasan mota, wallahi neman magana ne.

Ɗan Panteka: Maganar Baba gaskiya ce. Ni kan iyakilina zan tsaya. Injinka K24 ne, lita 2.4, ƙarfin doki 160 daga kamfani. Wannan mai buɗaɗɗen kan, in aka bar shi tsirara a cikin bonet, iskar zafin inji yake zuƙa, ita kuwa mota iska mai sanyi take so. Za ka ji gurnani in ka taka totur, ranka ya yi fari, amma da ƙyar ka ga bambanci a gudu. Ga kuma hunturu. Masu araha da ake zubawa a kasuwa ba sa tare ƙura, sai inji ya fara shan baƙin mai kafin shekara ta zagayo. Ka bar akwatin kamfani, ka riƙa canza matatar a kan lokaci.

Sarkin Gudu: Haba Oga, kun cika tsoro! Mutum ya ce yana son nishaɗi, kuna ta lissafa masa asibiti. Ɗan'uwa, salansa ka sa abinka, amma ka canza tukunyar baya kawai, ta ƙarfen da ba ya tsatsa. In ƙarfi kake nema na gaske, injin Acura TSX ka nema, K24A2, doki 200 ne. A tambaya a kasuwar Ladipo ta Legas ko Apo ta Abuja.

Ɗan Panteka: Ana samu, amma ka gaya masa sauran. Wancan injin da birenbos ɗinsa (kwamfutar inji) yake aiki daidai, kuma yana son fetur mai kyau. Sai an sami mai wayarin da ya taɓa yi, ba wanda zai koya a kan motarka ba.

Tsohon Bakanike: Tobo kuwa ka cire shi daga ranka. Ba fanka ba ce da za a ɗaura a tafi. Yana buƙatar manyan nozul, na'urar sanyaya iska, layin baƙin mai, da wanda zai sake saita birenbos da kwamfuta. In saitin ya kuskure, fistin ne zai narke. Giyar otomatik mai shekara ashirin ma ba za ta ɗauka ba. Indomi kuma, in bai toshe ba, ka bar shi. Kana cirewa wutar cek ta gargaɗin inji za ta kama, hayaƙi ya yi wari, shi kuma mai ba ka shawarar ya wuce da shi ya sayar, don akwai ƙarafa masu tsada a ciki.

Hajiya Mai Civic: Ni a kan rim zan ce wani abu. Da 18 taya takan zama siririya, rami ɗaya a hanyar Zariya ya isa ya lanƙwasa rim ya kumbura taya. Ka tsaya a 17 da taya 215/50, ramukan noti biyar, 114.3. Ka duba lambobi huɗun da ke gefen tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Masu Beljiyam ba sa son a duba wurin.

Mai EOD: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Asabar zan kai ta a ɗaga. Baba, bol joyin ɗin na kamfani zan nema ko akwai wani mai kyau? Kuma sifirin ɗin fa, in na rage kaɗan kawai?

Tsohon Bakanike: Na kamfani, ka tafi da lambar shasi a duba maka. Sifirin kuwa, fara ƙirga tudun rage gudu nawa ne tsakanin gidanku da wurin aikinka, ka dawo mu yi magana.