Da me zan gina duwatsun ƙaramin layin dogona?

Ɗan Kafanchan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na gama kafa dogon ƙaramin jirgin ƙasa na wasa a kan falankin katako, ma'aunin HO ne, wato 1:87, komai ya ƙanƙance sau 87 daga girmansa na gaske. Saura ƙasa da duwatsu. So nake ya yi kama da hanyar Kafanchan zuwa Jos, manyan duwatsu da jar ƙasa a gindinsu. Na ga wasu suna amfani da kwali da jarida, wasu kuma POP, farin garin nan da ake yin silin da shi. Damuwata nauyi, don a ɗakin haya nake, dole teburin ya ɗagu. Wanne ya fi?

Kafinta:
Wa alaikumus salam. Malam, ka rabu da kwali da jarida. Da damina ta kankama za su sha danshi su lotsa, ga gara kuma. Ka nemi farar robar nan mara nauyi da ake tallafe firji da ita cikin kwali, masu sayar da kayan lantarki zubarwa suke. Ka jera ta hawa-hawa, ka sassaƙa da wuƙa mai kaifi. Farin gam na kafintoci kaɗai za ka sa. Gam mai warin fetur da fentin feshi cinye ta suke yi nan take.

Mai Silin:
Gaskiya ne, amma robar ita kaɗai ba ta ba da fuskar dutse, ƙwayoyinta suna nunawa ko an yi fenti. Ka dama POP ruwa-ruwa, ka tsoma bandeji ko tsumma, ka lulluɓe ta, shafi ɗaya siriri. Kaɗan-kaɗan za ka riƙa damawa, cikin 'yan mintuna yake sandarewa. Kafin ya gama ƙamewa ka ja tsagogin dutsen da tsinken ƙarfe. Kaurin shafi ne ke kawo nauyin da kake gudu.

Baba Direba:
Ɗana, jar ƙasar kada ka saya. Ɗebo ta gaske, ka shanya ta bushe sarai, ka tankaɗe da rariya. Sai ka bi ta da maganaɗisu, domin akwai ɓurɓushin ƙarfe a ciki, kuma injin kan jirgin yana jansa har ya lalace. Ka barbaɗa, ka ɗiga gam da aka sirka da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa. Ka rufe dogon da salatif kafin ka fara.

Ɗan Kafanchan:
Na gode ƙwarai, Baba. To ciyawa fa? Garin katako da aka rina kore zai yi, ko shi ma gara za ta bi shi?