Muhawara: Artemis labari ne ko darasin walda?

Hauwa: Assalamu alaikum. Wanda ya ce littafin Artemis ya kai littafin The Martian ya fito mu yi ta. Andy Weir, marubucin littattafan biyu, bai rubuta mace ba. Mark Watney, jarumin The Martian, ya ɗauko daga duniyar Mas, ya raɗa masa suna Jazz Bashara, ya ce 'yar Saudiyya ce mai shekara 26. Baki ɗaya, barkwanci ɗaya. Ni dai an ci kuɗina.

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Hauwa kin cika zafi. Ki duba garin da mutumin nan ya gina a duniyar wata. Mutum wajen 2,000 a cikin manyan ƙubbobi biyar, kowacce da sunan ɗan sama-jannati: Armstrong, Aldrin, Conrad, Bean, Shepard. Kenya ce ta mallake shi, kuma ba da ka aka zaɓa ba, kasancewarta a kan ikwaita, layin da ya raba duniya biyu, yana rage wa roka wahalar tashi. Kuɗinsu ma nauyi ne, sulug ɗaya na nufin giram ɗaya na kaya da za a kawo maka daga ƙasa. Wa ya taɓa yi miki irin wannan lissafin a labari?

Hauwa: Malam, ai gini ba shi ne gida ba. Ban musa garin ba. Mutanen ciki nake nema.

Bala: Ina bayan Anti Hauwa. Watney shi kaɗai ne a Mas, dankali yake nomawa don kar yunwa ta kashe shi. In ya yi shafi uku yana bayanin yadda ake haɗa ruwa, kana karantawa gabanka na faɗuwa, don in lissafin ya kuskure ya mutu. A nan fa? Yarinya 'yar dako ce mai fasa-ƙwauri, wani attajiri Trond ya yi mata tayin sulug miliyan ɗaya ta lalata motocin haƙar kamfanin alminiyom. Kwaɗayi ne kawai. To in za ta mutu garin kwaɗayi, me zai hana ni barci? Sai bayanin walda shafi bayan shafi.

Malam Isa: Waldar da kake rainawa ita ce sana'ar ubanta, kuma a nan labarin yake. Ammar mutumin kirki ne mai riƙon addini, ta ƙona masa shago tana ƙarama, shekaru suna gaba da juna. Ba ka ga yadda ya yi waldar nan da ranta ya dogara a kanta ba? Ya bi kowane layi kamar ba gobe, bai ce mata uffan na so ba, aikin ya faɗa.

Hauwa: Wannan na yarda, shi ne wuri mafi kyau a littafin, shi ya sa ma raina ya ƙara ɓaci. Ga dattijo yana ƙera abin salla mai karkata don ya fuskanci alƙibla, tunda Ka'aba tana sama da kansa. Wannan fa tambaya ce ta gaske. A 2007 da Sheikh Muszaphar na Malesiya zai tafi tashar sararin samaniya, sai da malaman ƙasarsu suka fitar da jagora kan salla da azumi a can. Marubuci ya samu irin wannan a hannu, ya taɓa shi sama-sama, ya koma kan barkwancin batsa da Jazz ke yi kamar yaron sakandare. Haba.

Maman Ummi: Ku yi mana a hankali, ban kai rabi ba!

Bala: Mama ki rufe ido to. Ƙarshen nan na kulorofom, gari guda ya sume, Jazz ce sanadi, amma aka rufe littafi ba wani hukuncin kirki. A garin da iska ita ce rai.

Maman Ummi: Bala Allah ya isa. Amma ni inda na tsaya ina jin daɗi. Wai ruwa na tafasa a digiri 61 saboda ƙarancin matsin iska, shi ya sa shayi da kofi ba sa daɗi a can. Maigidana ya ce shi da duniyar wata har abada.

Malam Isa: Kun gani? Kuma masu karatu a shafin littattafai na Goodreads shi suka zaɓa gwarzon ƙagaggen labarin kimiyya na 2017.

Hauwa: Sunan mai The Martian suka zaɓa, Malam. Fim ɗin The Martian na Matt Damon ya fito 2015, kowa na ɗoki. Cire sunan Weir daga bangon ka gani.

Malam Isa: Wannan zato ne, ba hujja ba.

Hauwa: To ga hujja. Rufe littafin ka faɗa min magana ɗaya da Jazz ta yi wadda Watney ba zai iya yi ba.

Malam Isa: Wasiƙunta da Kelvin na Kenya. A nan muryarta ta sauya.

Bala: Ta sauya ko dai ta rage surutu?

Malam Isa: Bari Maman Ummi ta gama, ita za ta raba mu.

Maman Ummi: Bayan kun gama faɗa min ƙarshen?