Abin da masu sassabe da datse bishiyoyi a Gombe suka yi ittifaƙi a kai

Injin yanka itace mai sarƙa guda ɗaya mai kyau, ƙirar Stihl ko Husqvarna, ya ishi mai farawa, tare da igiya mai ƙarfi, tsani, hular kwano da tabarau. A lita 5 ta fetur a zuba mililita 100 na man gauraya na 2T (two-stroke). In aka rage man, injin zai ɗau zafi ya cije. Sarƙa kuwa a wasa ta da zarar ta fara fitar da gari maimakon ɓawo.

A tattaunawarsu, an fi daɗewa kan reshen da ya yi nauyi, musamman na darbejiya da mangwaro. A fara yanka ta ƙasa, kamar kashi ɗaya bisa uku na kaurinsa, sannan a gama ta sama ɗan nesa kaɗan, a ƙarshe a cire kututturen da ya rage. Wanda ya fara ta sama, reshen zai yage ɓawon har jikin bishiyar, ruɓa ta shiga.

Reshe kusa da wayar lantarki, a sanar da JED, kamfanin rarraba wutar lantarki, su ɗauke wuta tukuna. Wannan ba a yin sakaci da shi.

Kasuwa tana buɗewa kafin iskar farkon damina. A zagaya makarantu, masallatai da gidajen haya, itacen kuma masu gidan burodi da tsire za su saya.