Ina neman shawara a kan ƙaramar bindigar koyon harbi a Texas

Baban Hanifa, Houston

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da katin zama na dindindin, kuma wani abokin aikina ya saba tafiya da ni filin koyon harbi inda ake ba da hayar bindiga, har abin ya shiga raina ina so in mallaki tawa. Bukatata ita ce harbin takardar saiti kawai, ba ni da niyyar yawo da ita a jiki. Kuɗin da na ware dala 600 ne, kuma a cikinsu nake so a fitar da akwatin ajiya, domin ina da yara ƙanana biyu, kuma da wannan sharaɗi uwargida ta amince. Na gwada Glock 19 na ji tana tunkuɗa hannuna sosai, sai ma'aikacin wurin ya ce in fara da mai ƙaramin harsashi na .22, irin Ruger Mark IV ko Glock 44. Waɗanda suka taɓa riƙe su, wacce kuke ganin ta dace da mai koyo?

Alhaji Mai Tirela, Dallas

Wa'alaikumussalam. Ƙanena, kada ka wahalar da kanka, ka sayi Glock 19 ka huta. Tana cin harsashi 15, ba ta cijewa, kuma duk shagon da ka shiga za ka samu kayanta. Ni dala 540 na sayi tawa sabuwa fil. Tun Satumban 2021 ma Texas ta daina tilasta lasisi ga mai ɗaukar ƙaramar bindiga idan doka ba ta hana shi mallaka ba, saboda haka kana iya sa ta a mota idan dare ya yi maka a hanya.

Ɗan Zango, Bronx

Alhaji, wace shekara kuka saya a haka? Wanda na sani ya biya kusan dala 700 a nan. Ku mutanen Texas kuna cikin gata. A birnin New York kuɗin neman lasisin kaɗai dala 340 ne, ban da na ɗaukar hoton yatsu, sannan a yi ta jira wata da watanni, kuma ba a yarda da gidan harsashi da ya wuce guda 10 ba. Ni da na ga tsawon takardun sai na haƙura, na sayi keke.

Tsohon Soja, Maryland

Malam bai tambayi abin sawa a mota ba, ya ce saiti zai koya. Wanda ya fara da bindigar da ke tsorata shi yakan saba da runtse ido da danna bakin bindiga ƙasa kafin harsashi ya fita, kuma wannan ɗabi'a tana da wuyar rabuwa da mutum. Mai .22 ba ta da ƙara sosai, ba ta tunkuɗa hannu, harsashinta kuma ya fi na 9mm da Glock 19 ke ci araha nesa ba kusa ba, to a nan ne ainihin lissafin yake, domin kuɗin bindiga sau ɗaya ake biya, na harsashi kuwa duk ranar da ka je. Ruger ɗin ta fi daɗin saiti kuma tana da sauƙin kwancewa a goge, Glock 44 kuwa girmanta ɗaya da 19 ɗin da ka gwada, idan kana da niyyar komawa can daga baya. Kowacce ka ɗauka, ka biya kuɗin darasi a wurin mai horarwa. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi a ciki, kada bakinta ya kalli abin da ba ka nufin harbi, yatsa kada ya taɓa kunama sai ka yi saiti, kuma ka san abin da ke bayan abin da kake hari. Mu a nan Maryland sai ka yi horon awa 4 kafin a ba ka katin izinin saye, sannan ka jira kwana 7, kuma ni ban ga laifin hakan ba.

Kawu Na Bakin Kasuwa, Houston

Ɗana, ni shawarata ka bar kuɗinka a aljihu. A shekarar korona, lokacin da kowa ya firgita aka yi ta layi a shagunan bindiga, na sayi tawa da tsada, harsashin ma sai da roƙo. Na cike fom ɗin sayen bindiga mai lamba 4473, aka duba sunana a na'urar FBI, komai bisa ƙa'ida. Da yake ba a shiga da makami wurin aikinmu, sai nake barin ta a aljihun gaban mota. Wata safiya na fito na tarar an fasa gilashi, an bar tabarau da caja, an ɗauke ta ita kaɗai. Na kai rahoto, aka tambaye ni lambar jikinta, da ƙyar na samo kwalin da aka sayar mini da ita a ciki. Bayan dogon lokaci, har na fara mantawa, sai ga jami'ai biyu a ƙofar gidana da rana tsaka, a gaban maƙwabta, suna cewa an tsinci bindigar a wurin da aka yi fashi aka ji wa wani rauni. Yadda suke bin sawu shi ne daga kamfani zuwa dillali, daga dillali zuwa shago, daga shago zuwa sunan da ke kan fom, kuma sunan nan nawa ne. Rahoton da na kai tun farko shi ya fitar da ni, amma a lokacin takardun zama ɗan ƙasa na suna hannun hukuma, sai da na ɗauki lauya na biya shi ninkin kuɗin bindigar domin hankalina ya kwanta. Har yau ban san wanda aka harba ba, ban san ko ya warke ba, kuma ina tuna shi a sallah. Iyalina ta yi makonni ba ta yi mini magana mai daɗi ba.

Alhaji Mai Tirela, Dallas

Allah ya kiyaye gaba, Kawu, amma da girmanku, wannan ba laifin bindiga ba ne. Akwai ƙaramin akwatin ƙarfe da ake ɗaure wa a ƙasan kujera da igiyar waya, bai fi dala 30 ba.

Kawu Na Bakin Kasuwa, Houston

Alhaji, waɗanda suke kwance tayoyi huɗu kafin ka gama cefane, igiyar waya ce za ta gagare su?

Maman Sadik, Atlanta

Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma na ga an manta da yaran da malam ya ambata. Ɗaki na sama ko saman kabad ba ajiya ba ce, yaro ya fi ka sanin lungunan gidanka. Bindiga a kulle ba harsashi a cikinta, harsasai a wani wurin daban su ma a kulle, makulli kuma ba a inda ake rataye na mota ba. A Texas laifi ne a bar bindiga mai harsashi inda ɗan ƙasa da shekara 17 zai kai gare ta. Abin da ba a son faɗa a cikin jama'armu kuma shi ne, fiye da rabin mutanen da bindiga ke kashewa a Amurka su ne suke harbin kansu, saboda haka idan akwai mai fama da damuwa a gida, ko matashi da ya shiga wani hali, a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya. Sannan ka riƙa wanke hannu da canja riga idan ka dawo daga harbi kafin ka ɗauki jariri, domin ƙurar dalma tana manne wa a jiki.

Mai Gadi, Dallas

Hajiya, da dukkan ladabi, kin taɓa harba bindiga? Ni da ita nake aiki kullum. Kuma Yallaɓai soja, horon bariki da babbar bindiga daban yake da na farar hula.

Maman Sadik, Atlanta

Ban taɓa harbawa ba, malam. Na dai taya likita ciro harsashi daga cinyar wanda ya ce yana goge tasa ne ya ɗauka ba komai a ciki.

Ɗan Zango, Bronx

A raba gardama, a aiko masa da harba-ka-ruga daga ƙauye. Kafin ya gama ɗura mata albarushi an rufe filin, ba asarar harsashi, ba ciwon hannu.

Ɗalibi, Ohio

Yayyena, ku gafarce ni da katse ku. Ni bizar karatu gare ni. Idan na ba wani ɗan'uwa mai takarda kuɗi ya saya mini da sunansa, akwai matsala?

Tsohon Soja, Maryland

Akwai babbar matsala, kuma kada ka sake tambayar kowa wannan alfarma. Dokar tarayya ta hana mai bizar wucin gadi mallakar bindiga sai a wasu keɓantattun halaye, kamar wanda yake da lasisin farauta, kuma fom ɗin da Kawu ya ambata yana tambayar ko kai ne mai sayen na haƙiƙa. Saya wa wanda doka ta hana, tun dokar 2022, yana iya kai mutum ɗaurin shekara 15, kai kuma karatunka ya ƙare. Shi ma hayar a filin harbi ka ga lauyan shige da fice kafin ka taɓa.

Dillalin Motoci, Baltimore

Tunda an zo kan alfarma, bari in faɗi abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ina tura motoci Kwatano da Legas, kuma ba a daɗe ba wani ya roƙe ni in bar shi ya sa wa ƙanensa 'yar ƙaramar bindiga a cikin kujerar mota, wai saboda masu garkuwa da mutane. Na fahimci halin da mutanenmu ke ciki, amma dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai da sai da izinin shugaban ƙasa, fitar da ita daga Amurka ba lasisi kuma wani laifin ne na daban. Sunana ne a takardar kwantena, ba nasa ba. Tun kamun bindigogi 661 da kwastam suka yi a Legas a 2017 ya kamata kowa ya shiga taitayinsa. Da na ƙi, sai ya bi gari yana cewa ba ni da zumunci.

Kawu Na Bakin Kasuwa, Houston

Ku ma dillalai ku ji tsoron Allah. Motar da na tura wa ɗan yayata ta isa ba batir, ba rediyo, kuma kuɗin fito da aka ce mini tun farko ba shi aka karɓa ba.

Dillalin Motoci, Baltimore

Kawu, ba ni na tura muku ba, kuma abin da ake yi wa mota a tashar jirgin ruwa ba ya hannun wanda ya loda ta a nan.

Baban Hanifa, Houston

Na gode wa kowa, musamman Kawu da Hajiya. Na leƙa shago jiya, akwatin ajiya mai kyau ya fi yadda na zata tsada, idan na haɗa da darasi da abin toshe kunne kuɗina ba za su kai ga Ruger ɗin ba. An nuna mini Taurus TX22 wadda ta fi sauƙin kuɗi. Akwai wanda ya taɓa amfani da ita?

Alhaji Mai Tirela, Dallas

Ka ƙara haƙuri wata biyu ka sayi Glock 19. Dillali, don Allah nawa kake kai ƙaramar mota Kwatano yanzu? An ce mini wani a Houston ya fi ka sauƙi.