Idan Kwamfutar Cikin Kwamfuta Ta Faɗi: Shawarwarin Masu Gyara a Garwa

Masu gyaran kwamfuta na Garwa, tare da wasu 'yan uwa daga Marwa, sun tattauna kan na'urorin da ake kunnawa cikin wata kwamfuta, wato kwamfutocin da manhaja ke kwaikwaya, ta hanyar QEMU (manhajar da ke gudanar da su) da libvirt (manhajar da ake sarrafa su da ita). Ga abin da na tsinta.

Bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a yi gaggawar sake kunnawa. A fara karanta bayanan kurakurai da ke /var/log/libvirt/qemu/, kowace na'ura da fayil ɗinta. In ba a ga komai ba, a duba dmesg, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, domin idan RAM ya ƙare, Linux da kansa yakan kashe QEMU.

An fi daɗewa a kan ɗaukewar wuta, kuma a ganina ya dace, don ita ce ciwonmu a nan. Faifan qcow2, wato fayil ɗin da na'urar ke amfani da shi a matsayin faifanta, yana iya lalacewa idan wuta ta yanke ana tsakiyar rubutu, balle in an saita cache (ajiyar wucin gadi kafin a rubuta a faifai) a kan unsafe don neman sauri. Sai a kashe na'urar tukuna, a kwafi faifan a ajiye gefe, sannan a gudanar da qemu-img check, umarnin da ke binciken lafiyar faifan. Gyara da zaɓin -r leaks na wannan umarni, mai kwato wurin da ya salwanta kawai, ba shi da haɗari sosai, amma -r all, mai gyara kowane irin kuskure, sai a kan kwafi. Taɓa faifai na'ura tana aiki kuwa, ɓarna ce tsantsa.

Na'urar da ta tsaya cik ba lallai ta mutu ba. Sau da yawa faifan uwar kwamfutar ne ya cika, QEMU ya dakatar da ita. A share wuri, a rubuta virsh resume da sunan na'urar don ta ci gaba da aiki.

Masu rubuta manhaja kuma aka ce su riƙa duba amsar kowane kira ga libvirt, don amfani da NULL (amsar babu komai da kira ke iya bayarwa idan ya gaza) ba tare da dubawa ba yana kayar da shirin gaba ɗaya.